Amalanken Kwalekwalen Malam Tankari

Ranar da likita ya ce wa Malam Tankari ya manta da ɗaukar duk wani abu mai nauyi, Hajiya Sabuwa na zaune a gefensa. Ta sunkuyar da kai kamar mai jimami, alhali a ranta hamdala take yi. Wata uku ke nan da aka yi wa mijin nata aiki, aka buɗe masa wata jijiyar zuciya da ta toshe. Likitan ya ce tafiya da ƙafa na da kyau, motsa jiki a hankali ma haka. Da Malam ya tambaye shi batun tuƙa kwalekwale, sai ya ce in ruwan kwance yake babu laifi, amma kada ya kuskura ya ɗaga abin da ya wuce kilo goma. Kwalekwalen kuwa kilo ashirin da takwas ne, kuma tsakanin inda ake ajiye shi da bakin ruwa akwai 'yar tafiya. Sabuwa ta ce a ranta, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Shekararsu goma sha ɗaya a birnin Guangzhou na ƙasar China. Shi yana saya wa 'yan kasuwar gida kaya, ya haɗa musu a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ita kuma tana da ɗan gidan abinci a unguwar Dengfeng, a hawa na biyu, tebur biyar kacal, inda 'yan Kano da 'yan Maradi ke zuwa cin tuwon shinkafa da miyar kuka. Kwalekwalen ya shigo musu ne shekara huɗu da suka wuce. Wani mai otal a gida ya yi odar guda goma na roba, irin na mutum ɗaya da ake kira kayak, aka tarar ɗaya ya ƙarzu a gefe, mai otal ya ce ba ya so, sai ya zauna a siton Malam da ke Huangpu. Shi kuwa Malam ɗan Sarkawan Yauri ne, a bakin kogi aka yanke masa cibiya, amma tun yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kai shi Kano koyon kasuwanci, rabonsa da riƙe filafili tun lokacin. Wata Lahadi da safe ya saɓa abin a kafaɗa, ya nufi rafin da ke bayan siton. Daga ranar, Lahadi ta zama ta ruwa.

Sabuwa ba ta taɓa bin sa ba. Ita 'yar cikin birnin Kano ce, ruwan da ta sani na famfo ne da na kududdufi. Takan ce masa, "Tsofai-tsofai da kai, Malam, ka shiga baho kana yawo a kan ruwa." Shi kuma ya yi dariya ya ɗauki hularsa ta malafa ya fice.

Bayan sun dawo daga wajen likita, ba a ƙara ta da maganar ba. Sai dai mutumin ya yi sanyi. Ranar Lahadi yakan zauna a teburin da ke kusa da taga, ya sha shayi, ya gyara zaman cokula, ya ce wa Sabuwa gishirin miya ya yi yawa, alhali bai ɗanɗana ba. In baƙi sun yi masa hira ya amsa, in sun tafi ya koma kallon titi. Ta lura har sallamarsa ta rage ƙarfi.

A Lahadi ta uku ne ya kira ta tana yanka albasa.

"Maman Radiyya, zo ki ga wani abu."

Ta zo tana goge hannu da gefen zani. A wayarsa akwai hotunan wasu 'yan amalanke ƙanana, kowane da taya biyu, an ɗora musu kwalekwale, wani yana ja da hannu ɗaya yana murmushi.

"Ashe an yi wa abin dabara," in ji shi. "Ba ɗauka, sai ja. Wannan mai ja da baƙin nake so in yi oda, gobe ma za a kawo."

Ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton ido.

"Malam, taya ba a sayen ta a hoto. Kurar tura kaya shida na kashe a garin nan wajen jigilar shinkafa da nama daga kasuwa. Wacce ta fi kyau a ido ita ta fara zubar min da manja a tsakiyar titi. In dai sai an saya, to da ni za a je, kuma sai na fara ganin hanyar da abin zai bi."

Ya dube ta da mamaki. "Ke za ki je bakin ruwa?"

"Hanya na ce zan gani, ba ruwa ba."

Da yamma 'yarsu Radiyya ta kira daga Kaduna, inda take aure. Da ta ji labari sai ta tayar da hankali. "Mama, don Allah kada ki bari. Mutumin da aka taɓa wa zuciya, in abu ya same shi a tsakiyar ruwa wa zai gan shi? A sayar da abin nan a huta."

"Kin san ubanki," in ji Sabuwa. "In aka ce masa kar, to an ce masa yi ke nan. Bar ni da shi."

Abin da ke ranta ba ta faɗa wa kowa ba. Ta san a cikin kowane irin kaya akwai wanda mutum ɗaya ba ya iya sarrafawa. Irinsa za ta zaɓa. In ya zamana sai da ita za a kai kwalekwale ruwa, to ita ke da ranar zuwa, kuma gidan abinci ba ya rasa uzurin da zai hana ta fita.

Ran Talata da hantsi suka tafi Huangpu. Kwalekwalen na jingine a lungun sito, ruwan lemo, ƙura ta lulluɓe shi. Malam ya shafa shi da tafin hannu kamar mai gaida doki. Daga nan suka taka. Da farko siminti ne sumul, sai kwalta, sai wata 'yar hanya mai tsakuwa da ta ratsa tsakanin gonakin ayaba. A ƙarshenta akwai tudun da aka yi don tare ambaliya, a hau shi, a gangara, sai laka mai taushi, sai ruwa. Sabuwa ta riƙa tsayawa tana danna ƙasa da dugadugin takalmi. A kan tsakuwar ta tsinci gutsuren kwalba da wata tsohuwar ƙusa. A kan tudun ta kama ƙarfen da aka kafa don dafawa, tsatsa ta biyo hannunta.

"Me ya cinye ƙarfen nan haka?"

"Gishiri," in ji Malam. "Teku ba ta da nisa. In ruwa ya cika yakan shigo da ɗan gishirinsa." Ya nuna mata wani layi mai duhu a jikin duwatsu. "Kin ga nan? Nan yake kaiwa. Yanzu ja yake yi, nan da azahar sai ya juyo."

Rafin bai kai faɗin da ta zata ba. Kwance yake, kore-kore, itatuwa sun sunkuyo masa ta ɓangarori biyu, can nesa ana hango kawunan injinan ɗaga kwantena. Wasu dattawa biyu 'yan China na zaune da ƙugiyoyinsu. Da suka hango Malam suka ɗaga hannu suna kiran sa, ɗaya har ya taso yana nuna ƙirji, yana tambayar jiki. Sabuwa ta tsaya tana kallon yadda mijinta ke amsa musu da guntun yarensu, fuskarsa a sake, irin sakewar da ta yi wata uku ba ta gani ba.

A hanyar dawowa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ranar da za a kai ni Kano, na ɓuya a cikin jirgin babanmu. Ya zo ya fito da ni, ya karɓe filafilin daga hannuna, ya ce ruwa ya ci ƙuruciyarsa, ba zai ci tawa ba. Gaskiyarsa ce, kasuwa ta yi min riga da wando. Amma kin san a garin nan duk inda na shiga, ko dai ana tambayata farashi ko ana tambayata fasfo. A can kuwa ba mai tambayata komai."

Sabuwa ta ji maganar ta zauna mata a ƙirji.

Washegari suka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Tianhe, wani shagon kayan wasanni da ke hawa na uku. Mai shagon mace ce, gajera, mai furfura, ta rataya tabarau a wuya. Sabuwa ta gaishe ta da yaren kasuwa, ta kira ta lawban, wato shugaba, sauran bayani kuma waya ta riƙa fassara musu. Matar ta sa aka sauko da wani kwalekwale na gwaji mai kama da na Malam, ta jero amalanke uku a gabansu.

Na farko shi ne mai ja da baƙin da Malam ya gani a hoto. Sanduna biyu ne da shi a tsaye, waɗanda ake cusawa cikin ramukan da ke ƙasan kwalekwale. Ba shi da nauyi, ga kyan gani. Malam ya riga ya fara murmushi.

"Ta yaya sandunan ke shiga?" in ji Sabuwa.

Matar ta kama kwalekwalen ta kifa shi a gefe ɗaya da ƙyar, ta cusa sandunan, ta sake birkito shi.

"Ka gani? Ɗaukar da aka hana ka ce ta dawo ta bayan gida. Kuma dubi tayar, siririya kamar ta keken yara. Tana shiga lakar nan za ta nutse."

Matar ta ƙara da cewa in hanya na da gargada, sandunan kan tsaga bakin ramukan, ruwa ya riƙa shiga. Malam ya ajiye shi a gefe, ba don ya so ba.

Na biyu ƙato ne, na baƙin ƙarfe, da manyan tayoyi masu iska. Dogo ne, kuma ba ya tsayuwa da kansa, sai wani ya riƙe shi kafin a ɗora masa kaya. Na ukun gajere ne, na alminiyam, tayoyinsa masu faɗi, roba ce zalla ba iska. Yana da 'yar ƙafa irin ta babur da ake kafawa ya tsaya, kuma in an zare fil biyu sai tayoyin su cire, ya naɗe.

Sabuwa ta ga abin da ta zo nema. Ta dafa na biyun.

"Wannan shi ne kaya. Dubi ƙarfe. Wannan ko buhu uku ka ɗora masa ba zai ce komai ba."

Malam ya zagaya shi. Ya tsayar da shi ya sake, ya faɗi. Ya ɗaga ya sake, ya kuma faɗi. Ya latsa tayar da yatsa, ya dubi ƙarfen, sannan ya dubi matarsa. Shekara talatin da huɗu suna tare, ba ta da wani lungu da bai sani ba.

"Maman Radiyya," ya ce a hankali, "jiya ke kika tsinci ƙusa a hanya, ke kika nuna min tsatsa a hannunki. Yau kuma kin zaɓi baƙin ƙarfe da tayar da ke yin faci. In shi kika ce, shi zan saya, wallahi ba zan yi musu ba. Ke kika yi jinyata, kin fi kowa haƙƙi a kaina. Amma ki gaya min gaskiya, don hanyar kika zaɓe shi, ko don ni?"

Kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Mai shagon, da ba ta jin ko kalma ɗaya, ta fahimci ba maganar taya ake yi ba, sai ta koma bayan kanta ta shiga gyara wasu kwalaye.

Sabuwa ta samu wata 'yar kujera ta zauna. Inna ce ta faɗo mata a rai, mahaifiyarta, wadda ta yi shekara arba'in tana suyar waina a ƙofar gida. Da hawan jini ya taɓa ta, 'ya'yanta maza suka taru suka ɗauke tandar, suka ce ta huta, komai za a kawo mata. An kuwa kawo mata komai. Sabuwa ma da bakinta a cikin masu cewa a ɗauke. Sai Inna ta koma zaman tabarma, ba mai zuwa sayen waina balle a yi hira, tun tana tambayar ina tandarta har ta daina. Ba ta yi shekara biyu ba ta rasu. Rai na Allah ne, Sabuwa ta sani, amma ta daɗe tana tambayar kanta ko hutun da suka ba ta hutu ne.

Ta tashi ta janyo na ukun. Ta kafa 'yar ƙafar, ta girgiza shi, bai faɗi ba. Ta juya tayoyin ta kasa kunne ko za ta ji ƙara. Ta zare fil ɗin ta mayar har sau uku. Sannan ta ce, "Zo ka gwada. Kada ka ɗaga shi duka. Kama gindinsa kawai, ka ɗan ɗaga, ka juyo shi."

Malam ya kama gindin kwalekwalen, goshin na ƙasa, ya ɗan ɗaga shi bai kai gwiwa ba, ya juyo da shi ya sauke a kan amalanken. Ko nishi bai yi ba.

"Tsoro nake ji, Malam," ta ce, tana kallon tayar. "Shi ke nan gaskiyar."

"Na sani. Ni ma ina ji."

Wannan amsa ba ta zace ta ba, kuma ita ce ta fi kwantar mata da hankali. Nan take ta gindaya sharuɗɗanta. Rigar nan mai hana nutsewa da ya saba jefawa a bayan kwalekwale, daga yau a jikinsa za ta zauna. Waya a cikin leda, a wuya. Maganinsa a aljihu. Kuma in dattawan nan masu ƙugiya ba sa bakin ruwa, ba shiga. Ya amsa duka. Ta juya ga mai shagon ta nemi ƙarin igiyar ɗauri a kyauta. Matar ta ce meyo, wato babu. Sabuwa ta yi kamar za ta fita. Igiya ta fito.

Ran Lahadi da sassafe suka isa siton. Malam ya ɗora kwalekwalen, ya ɗaure, ya kama hannun da ke goshin ya ja. Bai yi taku ashirin ba ta ga kafaɗarsa ta karkace.

"Tsaya. A ina ka sa tayar?"

"A baya, kamar yadda yake a hoto."

"Shi ya sa rabin nauyin ke hannunka. Kaya a tsakiya ake ɗora su, taya ta ɗauka, kai naka ja ne kawai."

Suka kwance, suka matso da amalanken kusa da mazauni, suka ɗaure da igiya biyu. Da ya sake kamawa sai goshin ya taso kamar ba komai. Ya yi dariya, ya ja shi da yatsu biyu don ta gani. A kan tsakuwa abin ya riƙa rawa amma bai zame ba. Hawan tudun ne ya ɗan ba da wuya, sai da ya huta sau ɗaya a tsakiya, ita kuma ta harɗe hannuwanta a baya don kada su kai masa taimako. Wajen gangarawa kwalekwalen ya so ya ture shi, ta ce ya koma bayansa ya riƙa sakin sa a hankali. Tayoyin suka bi ta kan lakar, suka bar sawu mai faɗi, ba su nutse ba.

A bakin ruwa ya zare tayoyin, ya naɗe amalanken, ya cusa a ɗan rumbun da ke bayan mazauni ya rufe. Ya ɗaura rigar, ya yi bisimilla, ya shiga. Filafilin ya taɓa ruwa ta dama, ya taɓa ta hagu, ba ko fantsama. Ba ta taɓa sanin haka ya iya ba. Kafin ta ankara ya sha kwanar da itatuwa suka rufe.

Ta zauna a kan tudun. Ɗaya daga cikin dattawan ya miƙo mata 'yar kujerar roba da lemo guda, ta ce sheshe, wato na gode. Ta ɓare lemon amma ta kasa sha. Ta yi salati, ta duba agogo, ta sake dubawa. Da aka yi minti arba'in ta miƙe tsaye. Dattijon ya dube ta, ya yi mata alama da hannu ta zauna, ya nuna kwanar. Jim kaɗan sai ga goshin nan mai ruwan lemo ya ɓullo.

Da ya fito, ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Gumi ne a goshinsa, numfashinsa daidai.

"Yaya ƙirjin?"

"Lafiya lau. Yunwa dai nake ji."

Radiyya ta yi fushi da ta ji, ta yi kwana huɗu ba ta kira ba. A na biyar uban ya tura mata hoton wani farin tsuntsu da ya ɗauka daga cikin kwalekwale, ta amsa da cewa ya riƙa sa hula saboda rana.

Lahadi ta gaba wani ɗan Maradi ya yi odar abincin suna na mutum sittin, Sabuwa ba ta da halin fita. Ta zuba wa Malam kunu a fulas, ta raka shi bakin matakala. Tana tuƙa tuwo tana leƙa waya, har ta kusa barin miya ta kama. Wajen sha ɗaya ya shigo, ƙafar wandonsa duk laka, yana mita. Fil ɗaya ya faɗa masa cikin ruwa lokacin da yake mayar da taya, sai da ya soka wani ɗan kara a ramin ya lallaɓo da shi har sito.

"Ai na san za a yi haka," in ji ta. "Gobe in na je kasuwa zan samo wasu, in ɗaure su da zare a jikin ƙarfen. Wanke hannu ka zo ka taya ni rufe kulolin nan, mutane na jira."